Mai Kitson da Ke Lura da Masu Ƙishirwa

Mai Kitso ake kiranta tun kafin yaƙi ya tashi garinsu. Ta ƙetare iyaka da matsefi ɗaya da ƙwayoyin ciwon suga na kwana tara. Maganin ya ƙare a hanya. Wata huɗu ta yi ba ta sha ba, ƙaya ta soke ta a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa, har sai da likitan sansanin 'yan gudun hijira ya cire mata yatsu biyu.

Da ta miƙe, wata mata a cikin gari, wadda ake kira Maman Biyu, ta ba ta ɗaki kusa da ƙofar gida. A nan Mai Kitso take shimfiɗa tabarma, matan gari da na sansani su jeru. Ba ta da yawan magana, sai dai tana lura da wadda ke tashi a tsakiyar kitso.

Wata ranar Laraba Maman Biyu ta zauna a yi mata kai. Kafin a kai rabi ta shiga banɗaki sau uku, ta shanye ruwa kofi huɗu.

"Yaya, yaushe rabonki da awon jini?"

"Ni? Zafi ne kawai. Kuma asibitin sansanin can ai naku ne."

"Layi ɗaya ne. Ba sa tambayar inda aka haifi mutum."

"Ke dai ƙarasa mini kaina."

 Mai Kitso ta zare takalminta, ta miƙa ƙafar gaban Maman Biyu, ta ci gaba da tsaga. Matar ta daɗe tana kallon gurbin yatsun.

Ranar Litinin suka tafi tare. Nas ta ce sugan ya hau, ga hawan jini a kai. Ta ba ta ƙwayoyi, ta ce ta rage gishiri da zaƙi, ta riƙa tafiyar ƙafa. Maman Biyu ta yi mita har gida, ta ce shayi ba suga ai wankin kofi ne. Amma ta sha maganin.

A shekara shida Mai Kitso ta kai mata goma sha ɗaya asibitin. Biyu sun ƙi komawa, ɗaya daga cikinsu ta rasu. Yanzu idon Mai Kitso ya fara dushewa, da laluben yatsa take tsaga. Wasu masu zuwa kitso sun koma wurin wata mai kitson. Sauran suna zuwa da safe, lokacin da haske ya fi shiga ɗakin.