Kunun da Ba a Sha a Gabana

Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga firamare, aka tura ni koyarwa wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Ni kaɗai ce mace a cikin malaman. An ba ni ɗaki a gidan wata tsohuwa mai nauyin kunne, wadda ba ta hira. A gidanmu na Kazaure mu da yawa muke zagaye kwano ɗaya, ana ture hannun juna. A nan kuwa, in na zauna cin abinci, har ƙarar haɗiyata nake ji.

Makarantar sabuwa ce fil, kwanon rufinta sai ƙyalli yake. Da sassafe nake zuwa, don babu abin da ke riƙe ni a gida. Kullum sai in tarar da wasu yaran ruga a gindin bango, sun takure. Iyayensu mata ne ke biyowa da su in za su kai nono gari, su ajiye su tun raɓa ba ta bushe ba. In an tashi da azahar kuma su koma gindin bangon nan, har sai iyayen sun dawo bayan la'asar. Ba ci, ba sha.

Na sami Hedimasta na roƙe shi makullin ajin ƙarshe, wanda ba a fara karatu a cikinsa ba, don yaran su riƙa zama kafin a shiga aji da bayan an tashi.

Ya yi dariya ya ce, "Malama, raino aka turo ki ko koyarwa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɗayan ba ya hana ɗaya."

"To ga shi. Amma in na ga ba sa zama zan karɓe. Dama ina neman inda zan jibge ragowar siminti."

Na share ajin, na shimfiɗa tabarmi, na kafa randa a lungu. A jikin allo na zana tsuntsaye suna tashi daga kan dutse. Na dama kunun tsamiya cikin babbar ƙwarya, na jera ludaya. Don yaran na yi, gaskiya ne. Amma ina kuma marmarin in sake ganin hannaye da yawa a kan ƙwarya ɗaya, nawa a cikinsu.

Suka shigo suka zauna da ladabi. Na ce bismilla. Ba wanda ya motsa.

Babbar cikinsu ta sunkuyar da kai ta ce, "Mun ƙoshi, Malama."

Ina jin cikin ƙaramar ƙanwarta yana ƙugi. Kashegari na ƙara sukari. Bayan nan na koma kunun gyaɗa. Na zauna a gabansu na sha, don su ga babu komai a ciki, na miƙa ludayi har bakin ƙaramar. Ta kau da kai kamar na nuna mata wuta. Da na matsa musu, sai suka fara gudun ajin, suka koma gindin bangonsu.

Hedimasta ya wuce a kan kekensa yana cewa, "Malama, ina 'yan rainon naki? Simintina yana jira!"

Ranar da na zaci ita ce ta ƙarshe, na lallashe su suka shigo, suka sake cewa sun ƙoshi. Na ji hawaye na tahowa. Ban so su gani ba, sai na fita na zagaya bayan ajin. Na daɗe ina kallon duwatsu da shaho yana shawagi a kansu, ina tunanin gida. Can sai na ji ƙwas, ƙwas, ludayi na bugun ƙwarya. Na ji dariya, na ji gardama da Fulatanci. Da na dawo, kowa na zaune tsit. Ƙwarya tas, ga kunu a haɓar ƙaramar.

Ranar, kakar ƙaramar ce ta zo ɗaukarsu, sai na ba ta labari. Ta sauke kayanta ta yi ta dariya.

"Kai, 'yar birni! Ɗan ruga ya wangame baki yana ci a gaban malamarsa? Gara ya wuni da yunwa."

"To Inna, in na koma can gefe fa?"

"A gefen ma ai da idanunki za ki je."

Makulli ya zauna a hannuna, siminti ya nemi wani wurin. Yara suka ƙaru har tabarmi suka yi kaɗan. Kullum in an tashi nakan ajiye musu ƙwarya, in ɗebi nawa a ɗan kwano, in zagaya baya. Nakan jingina da bangon, rana ta ɗumama shi, muryoyinsu na ratsowa ta taga a saman kaina. Ba na fara sha sai na ji ludayin farko ya taɓa ƙwarya. Ina kurɓa a hankali, don mu gama tare.