Ya Buɗe Injin Kafin Ya Saya

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye a kudancin jihar Bauchi. Ba zan faɗi sunana ba, don 'ya'yana suna makaranta a garin nan. Na shigo Bauchi ina saurayi, na koyi gyaran babur a Gwallaga, hannuna kuma ya faɗa. Da kunne kawai nake gane ciwon inji. Ran Lahadi ina zuwa coci don haka na taso na gani, amma hankalina yana kasuwa.

Da baƙin mai abin ya fara. In aka kawo tsohon inji mai ƙara a ciki, sai in ɗura masa mai mai kauri, ƙarar ta kwanta, in wanke shi da fetur, in fesa fenti, in sayar wa ɗan acaba. Kafin ya gane an cuce shi, na riga na gaya masa kaya in ya bar rumfa ba ya dawowa. A lokacin wayo nake kiran wannan. Daga nan na haɗu da wani da muke ce wa Dogo. Shi ke kawo babura, ni ke goge lambar inji in buga wata. Ban taɓa tambayarsa inda yake samo su ba, don na sani. Ranar da 'yan sanda suka zo, mai babur ɗin da ke hannuna yana kwance a asibiti da sara a kafaɗa. Dogo ya tsallake katanga. Ni aka kai gidan yari.

A can na san Baba Iliya, wani tsohon kafinta, dattijon ikilisiya, da ke zuwa yi wa fursunoni wa'azi. Na daɗe ina zama a baya ina jin sa kamar yadda nake jin mai talla. A hankali maganar ta shige ni, na ba da gaskiya ga Yesu Almasihu da zuciya ɗaya. Da na fito aka yi mini baftisma, Baba Iliya ya tsaya mini na samu 'yar rumfa wajen Wunti, na koma saye da sayar da kayan babur.

Matasa, ku saurara da kyau a nan, don abin da ya kusa hallaka ni bayan na tuba ya zo.

Kasuwa ta ƙi. Duk wanda ya san tarihina sai ya wuce rumfata ya shiga ta gaba. Mai rumfa ya fara maganar haya. Ana cikin haka wani ɗan acaba mai suna Habu ya zo neman inji. Ina da guda a ƙasa, na san yana da ƙara. Hannuna ya ɗauko galan ɗin mai mai kauri kamar ba nawa ba, na ɗura wa injin a ɓoye. Habu ya tayar da injin, ya kasa kunne, ya ce, "Oga, wannan kamar sabo." Na ce masa ai sai ya hau zai gani.

Da ya tafi, sai na ga kaina a jikin injin nan. Na ce ashe ni ma fenti aka fesa mini. Baftisma ta wanke waje, ciki yana nan da ƙararsa. Tunda ni ɗan kasuwa ne, sai na auna Allah da ma'aunin kasuwa: ya karɓe ni bisa zaton na gyaru, yanzu ya ji ƙarar, zai maido kayansa. Na daina addu'a, don ina jin kunyar buɗe baki. Ran Lahadi da aka zo Jibin Ubangiji, na miƙa wa na kusa da ni ƙoƙon ban sha ba.

A makon nan ne Dogo ya ɓullo, da tsakar rana, yana tura wani jan babur. Ya shigar da shi bayan rumfa ya rufe da tamfol. Na ce ya fitar mini da shi. Ya yi dariya ya ce, "Fasto, har yanzu ana ta waƙa? Na ji labarin injin Habu. Ni da kai duk wuta za mu, gara mu shiga da ƙoshi. Bayan la'asar zan dawo, in tarar ka goge lambar."

Ban ce masa a'a ba. Maganarsa ta yi daidai da abin da zuciyata ke faɗa mini. Wanda ya tabbata an riga an kore shi, me kuma zai tsare? Na ɗauko abin guga da ake goge lamba da shi na ajiye a kan benci.

Sai ga Baba Iliya ya sauko daga keke. Ya zauna a kan bencin, gwiwarsa tana taɓa tamfol ɗin. Ya ce, "Ɗana, na ga ƙoƙo ya wuce ka."

Na gaya masa zancen injin Habu. Na ce, "Baba, Allah ya sayi kayan da aka yi wa fenti. Yanzu ya gane."

Ya ce, "Kai in za ka sayi tsohon inji don kanka, yaya kake yi?"

Na ce buɗe shi nake yi in ga ciki.

"To kai mai wayo kana buɗewa, Allah ne za a yi wa fenti? Ranar da Yesu ya hau gicciye dominka, wannan galan ɗin da ka ɗauka ya riga ya gan shi. Ya buɗe ka, ya ga ƙarar, ya biya da jininsa, ya ce nawa ne. Da nagartarka ya saya, da sai ka ji tsoro. Kai ya saya, don ya gyara. Cetonka a hannunsa yake, ba a naka ba." Sannan ya ce, "Amma kayan da aka saya, mai shi ke juya su. Za ka nemo Habu."

Na tashi na yaye tamfol ɗin. Baba Iliya ya dubi babur, ya dubi abin guga, ya ce, "Kama can, in kama nan."

Muka tura shi har ofishin 'yan sanda, ina waige ko Dogo zai tare mu. Na san yadda abin zai zama: tsohon fursuna da babur ɗin sata a hannu. Haka kuwa aka yi, suka rufe ni sai da aka nemo mai babur ya yi bayani. Warin ɗakin da ƙarar ƙofar duk irin na da ne. Amma wannan karon na yi addu'a, kuma na san ana ji na. Ban san ko za a sake ni ba, na dai san ni na wane ne.

Da aka sake ni na nemo Habu, na kwance injin a gabansa na nuna masa. Ya zage ni son ransa, ya karɓi kuɗinsa, har yau ba ya gaishe ni. Yana da gaskiya. Dogo kuwa ya bar gari. Rumfata tana nan, kuma duk injin da zan sayar sai na buɗe shi a gaban mai saye.

Ku matasa, kada ku fara da ƙaramin wayo, don nawa da galan ɗaya ya fara ya ƙare a gidan yari. Kai kuma da ka ba da gaskiya ka sake faɗuwa, za ka ji murya tana ce maka an gama da kai, ka ƙarasa lalacewa kawai. Na san muryar nan, ta taɓa turo mini jan babur har rumfa. Kada ka tsaya ciniki da ita. Tashi ka faɗi laifinka, ka gyara abin da ka ɓata, ka koma wurin wanda ya saye ka. Ya ga cikinka tun kafin ya biya.