Bindigar da Tikyo Ya Ƙi Gamawa

Mijina Eutiquio, wanda duk tsaunin nan na bayan garin Danao ke kira Nong Tikyo, wato Yaya Tikyo, hannun mutum yake fara kallo kafin fuskarsa. Ko ranar da ya fara zuwa zance gidanmu, hannuna ya tsura wa ido, har uwata ta tambaye shi ko dai wanki ya zo nema a yi masa. Maƙerin bindiga ne, haka ubansa, haka kakansa. Rumfarsa tana bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, kusa da garken aladu, don in aka ce ga 'yan sanda sun hawo a tura kayan aiki ƙarƙashin kwamin abincinsu. Babu ɗan sandan da ya taɓa son takalminsa ya shiga wurin.

Ni dai ban taɓa son sana'ar nan ba, kuma ban ɓoye masa ba. Garin ƙarfe a gado, garin ƙarfe a tuwon masara, ƙarar magagari tun safe har kaina ya yi kamar zai rabe. In na fara faɗa sai ya ce, “To Meding, nuna min gonar da zan noma a kan dutsen nan.” Sai in ja tsaki in koma kicin. Da magagarin nan muka ciyar da yara har suka yi fiffike suka bar mu.

Ƙananan bindigogi ne gwanintarsa, irin na sokewa a ƙugu. Kowa a tsaunin nan ya iya haɗa ƙarfe, amma wajen mariƙi babu kamarsa. In ka kawo aiki sai ya ɗebo yumɓu ya dunƙula, ya ce ka damƙe. Ya ajiye dunƙulen a inuwa ya sha iska, sannan ya sassaƙa katako daidai da sawun yatsunka. Har yau akwai dunƙulen nan jere a kan katakon rumfa, hannayen mutane, wasu sun daɗe a kabari.

Amininsa shi ne Prudencio, Densyo muke ce masa. Shi ya riƙe mana ɗan farinmu ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna Pare, ni kuma yake ce min Mare. Gadi ya yi a rumbun busasshiyar kwakwa a bakin teku har ƙarfinsa ya ƙare, kuma a lokacin ne Tikyo ya ƙera masa 'yar bindigarsa. Matarsa Saling farin cuku take sayarwa, naɗe a ganyen ayaba. Allah bai ba su haihuwa ba. Su biyu ne rak, kullum suna faɗa a kan wa ya bar murfin tukunya a buɗe, kuma ban taɓa ganin ɗaya ya ci abinci bai jira ɗaya ba.

Saling ta rasu da damina. Aka yi addu'o'in kwana tara, aka yi na arba'in, dangi suka kwashe kujerun aro kowa ya kama gabansa. Bayan nan da 'yan kwanaki Densyo ya hawo gidanmu da safe, da wani abu ƙunshe a tsohon ɗankwalinta. Ina gefe ina yayyanka ganyen dankali na aladu.

“Pare, ga tsohon aikinka. Tsatsa ta ci shi.”

Tikyo ya kwance ƙunshin ya juya bindigar. “Kai, Pare! A cikin gishiri kake ajiye ta? Kunamar bindigar ta cije, gidan harsashi ma ya mutu. Sai na canja su duka.”

“Bar gidan harsashin, kada ka wahalar da kanka,” in ji Densyo, yana kallon aladu. “In ɗaya ya tashi ya isa.”

Wuƙa ta tsaya a hannuna. Mutumin da ba shi da gadi yanzu, ba shi da abokin gaba, ba shi da abin da ɓarawo zai ɗauka sai tukwanen matarsa, me zai yi da harsashi ɗaya? Na gane, Tikyo ma ya gane, don na ga yadda wuyansa ya motsa. Amma sai ya ce, “To, bari mu gani,” kamar an kawo masa gyaran fitila.

Densyo na sauka na yi kansa. “Ka haukace ne? Ka karɓa? Jefa ta a kogi, ka ce ta ɓata!”

“Meding, rumfa nawa ce a tsaunin nan?” Muryarsa ƙasa-ƙasa. “In na ƙi, kafin rana ta faɗi wani ya gyara masa, ko ya sayar masa sabuwa. Muddin tana hannuna, shi ma yana hannuna.”

Ban ce ya yi gaskiya ba, don ba halina ba ne. Amma na ƙara gwangwani guda a awon masarar washegari.

Da Densyo ya dawo, ya tarar an wargaza bindigar kaf, an zuba a tsohon gwangwanin biskit. Tikyo ya miƙa masa yumɓu.

“Na mene ne kuma? Ai kana da hannuna a can sama.”

“Wancan hannun mai gadi ne, mai ƙiba. Dubi wannan, duk ƙashi. Mariƙin ba zai zauna ba. Damƙe.”

Ya damƙe. Tikyo ya duba ya ce yumɓun ya yi ruwa, a dawo gobe. Gobe ta yi, ya ce ya bushe da yawa. Da aka sami sawun, sai katako ya zama magana: wannan ɗanye ne, wancan yana da ido, na kirki yana wurin wani mutum a ƙetaren kogi, sai sun je tare don gwiwar Tikyo ba ta son hanya ita kaɗai. Mutumin da ke gama mariƙi tsakanin karin safe da abincin rana, ga shi yana shafa katako ɗaya sati da sati. Ya sa Densyo gogewa da takardar yashi, ya sa shi riƙe wannan, miƙo wancan. In rana ta take sai in leƙo in ce, “Ku tsofaffin banza, abinci zai huce.”

Da farko Densyo tsakura kawai yake yi. Na ce masa, “Pare, ni ba Saling ba ce da zan lallashe ka. Ka cinye ko in juye maka a aljihu.” Tikyo ya harare ni don na ambaci sunanta. Amma Densyo ya yi ɗan murmushi ya ce ai ita ma ba ta lallashi, da ludayi take bin sa. Ranar ya cinye busasshen kifinsa har kai. Wata rana zakaran Tikyo ya tsinke igiya ya bi shi da sara har cikin garke, Densyo ya yi dariya sosai, sai kuma ya katse ta a tsakiya kamar wanda aka kama da sata. Tausayinsa ya kama ni har na shige kicin na yi kukana.

Da la'asar, in Densyo ya sauka gida, Tikyo sai ya ɗauki sandarsa. Rumfa rumfa ya bi tsaunin nan, da gwiwar da ke kumbura kamar gwanda. Maƙeran nan ba sa shiga rumfar juna, kowa yana ɓoye aikinsa da masu sayensa. Duk da haka ya shiga, ya cire hula, ya ce in Prudencio ya zo kada a gyara masa, kada a sayar masa. Har wurin Nong Insoy ya je, wanda rabonsu da magana tun wani rikici a kan faɗan zakaru da aka yi muna da ƙuruciya. In ya dawo ina shafa masa man kwakwa da citta ina zaginsa, shi kuma yana cije baki.

Densyo ba wawa ba ne. Wata safiya ya ajiye takardar yashi ya ce, “Pare, ka tsufa. Ba ni kayana in kai wa masu ido.” Ya ɗauki gwangwanin ya fita. Tikyo bai hana shi ba, amma yinin nan bai taɓa magagari ba, bai kuma taɓa abinci ba.

Washegari da rana tsaka sai ga Densyo, gumi sharkaf, idanu jawur. Ya buga gwangwanin a kan teburin aiki har ƙarafan suka yi tsalle.

“Wannan ya ce aiki ya yi masa yawa. Wancan ya ce kayan aikinsa sun lalace. Insoy, Insoy da zai sayar wa Shaiɗan bindiga in ya zo da kuɗi, ya ba ni kujera ya ce in sha ruwan kwakwa! Kai ne ko?”

“Ni ne.”

“Ka bi gari ka tona min asiri! Yanzu kowa kallon mahaukaci yake min. Wa ya ba ka iko a kan raina?”

“Babu wanda ya ba ni,” in ji Tikyo. Ya miƙe da kyar, ya dafa tebur. “Ka ji haushina, Pare, ka daina min magana har mu mutu, na yarda. Amma ni na ƙera abin nan da hannuna don ya dawo da kai gida lafiya wurin Saling. Ba zan gyara shi ya kashe min kai ba. Ba zan iya ba. Ina son ka, tsohon banza, kai kaɗai ka rage min.”

Shekarunmu nawa da aure, mutumin nan bai taɓa ce min yana so na da baki ba, sai ga shi yana faɗa wa wani tsoho mai furfura a gaban aladu.

Densyo ya zauna a kan kututture. Ya ce, “Kofi biyu nake haɗawa kullum da safe, Pare. Sai na zuba nake tunawa. In zauna ina kallon nata har ya huce. Gidan nan shiru, ko murfin tukunya babu mai ce min na bari a buɗe.” Sai ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Tikyo ya riƙe masa hannu da hannayensa biyu masu baƙin ƙarfe.

Ni ce na yi magana, don wani dole ya yi. “Ɗakin yara yana nan babu kowa sai ɓeraye. Ka kwaso tabarmarka yau. In faɗa kake nema a kan murfin tukunya, wallahi ka zo gidansa.”

Ya kwaso. Ba zan ce ya warke a ranar ba, ƙarya ne. Akwai kwanakin da ba ya fitowa sai Tikyo ya zauna a bakin ƙofarsa yana masa surutun zakaru har ya gaji ya buɗe. Na ja shi wurin Fada, limamin cocinmu, na ja shi wurin likita a cikin gari, yana gunaguni ina gunaguni. A hankali ya karɓi kiwon aladu daga hannuna, ya kuma koya min cukun Saling, ko da yake ya ce nawa bai kama ƙafar nata ba. Gwangwanin kuwa Tikyo ya ɗora shi a saman rumfa, a buɗe, kowa na gani. Babu wanda ya sake taɓa shi.

Shekaru kaɗan bayan nan ciwon ƙirji ya kwantar da Tikyo. Garin ƙarfen da na yi ta faɗa a kai, ashe ba a tuwo kaɗai yake sauka ba. Densyo ne ya yi jinyarsa tare da ni, shi ke ɗaga shi, shi ke ba shi kunu a baki yana ce masa ragon maƙeri. Da Tikyo ya cika, Densyo ne ya zauna da ruwan ɗumi da lemun tsami yana goge masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, wai ba zai bari ya je gaban Ubangiji da baƙin hannu ba. Baƙin bai fita ba.

Da muka dawo daga maƙabarta, yara da baƙi suna cikin gida ana ta raba abinci, na zagaya baya don in sami inda zan numfasa. Sai na ga Densyo yana fitowa daga rumfa, rungume da gwangwanin a ƙirjinsa. Gabana ya faɗi.

Ya tako har gabana ya miƙo min.

“Mare, ki kai wannan inda ban sani ba. Mai tsare ni ya tafi, kuma ban yarda da kaina ba a 'yan kwanakin nan.”

Na karɓa. Na ce masa ya wuce ciki ya ci abinci, kuma gobe da safe kofi biyu zai haɗa, nawa kada ya cika sukari.