Ƙullutun da ke Ƙirjin Inna

A shekarun da arzikin man fetur ya kawo sababbin motoci hanyar Birnin Kudu, ina makarantar kwana ta 'yan mata. A can na leƙa ɓawon albasa ta madubin da ke ƙara girman abu, na ga 'yan ɗakuna a jere kamar saƙar zuma. Malamarmu ta ce da irinsu aka gina jikinmu, ƙwayoyin halitta. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, sai ta kwafa wa 'yarta umarnin da ke cikinta: yaushe za ta hayayyafa, yaushe za ta dakata. Wani lokaci kwafin yakan zo da kuskure. In kurakurai suka taru har ƙwaya ta daina dakatawa, ita da jikokinta sai su zama ƙullutu. Ciwon daji ke nan. Ta ce a wasu gidaje ma ana gadon kuskuren farko.

Da na koma garinmu Farin Dutse hutu, wata safiya Inna ta kama hannuna ta ɗora a mamanta na hagu. Na ji abu mai tauri kamar ƙwallon dabino. Irinsa ne ya kashe mahaifiyarta.

"Asibitin Kano za mu, Inna."

Goggo, yayar Inna, tana bakin murhu. Ta ce, "Ji 'yar boko! Daji ba ya son ƙarfe. Allura ta taɓa shi, sai ya fusata. Ko tsohuwarmu sai da aka yanka ta ta tafi."

Haka kowa ya yarda a garinmu, shi ya sa mata ke ɓoyewa suna shafa saiwa.

Da la'asar Inna tana saƙar faifai, tana bin adon zagayen baya da jan kaba. Sai ta tsaya ta fara warwarewa.

"Me ya faru?"

"Na tsallake ɗauri ɗaya. In na bar shi, duk zagayen da ya biyo baya shi zai bi."

Na matsa kusa na ce, "Inna, abin da ke ƙirjinki ke nan. Ɗauri ne ya kauce, na bayansa suna binsa. Kaka sai da faifan ya kai baki aka kai ta. Ba wuƙa ce ta fusata shi ba, ya riga ya bazu. Naki yana tsakiya tukuna."

Ta daɗe tana juya faifan a cinyarta.

"Su likitocin sun iya warwara?"

"Cirewa suke yi."

"To, gaya wa babanki ya yi mana maganar mota."

An cire maman gaba ɗaya. Likita ya ce bai ga alamar ciwon ya kai hammata ba, amma ta riƙa dawowa ana dubawa. Damina ta zagayo Inna tana nan da ranta, hannun hagun dai bai cika ɗaguwa ba. A hankali ta ƙarasa faifan nan, muna rufe ƙwaryar fura da shi.

Ranar da zan koma makaranta bayan wani hutun, Goggo ta ja ni bayan rumbu, ta waiga, ta sassauta zaninta.

"Ke 'yar boko, zo ki taɓa nawa. Ba wai na ji komai ba ne."