Ta Taho da Tabarmarta

Har yau idan na tuna ranar Alhamis ɗin nan sai in ji wuyana ya ɗauki zafi. Ban yi sata ba, ban zagi uwar kowa ba. Yara biyar na gayyata su kwana a gidanmu, iyakar laifina ke nan, amma sai da aka sa na durƙusa gaban matan unguwa ina ba da haƙuri kamar wadda akuyarta ta cinye shanyar mutane.

Shekarar da na gama sakandare ce. Ina zaune gida a Mafara, ba aikin fari ba na baƙi, sai Yaya ta aiko mana da ɗiyarta daga wani ƙauye da ke kusa da Gidan Goga. Shekararta takwas. Ƙauyen nasu ya kai inda ba a kwana cikinsa saboda 'yan bindiga. Da la'asar mata su naɗe tabarmi su ja yara, a tafi inda ake ganin ya fi dama-dama, da safe a dawo. Yaya ta ce ita ta saba, amma yarinyar ta fara firgita, a riƙe mata ita.

Yarinya ce marar rigima, har abin ya yi yawa. In an ce ta zauna, ta zauna. In an ce ta ci, ta ci. Inna ta sa ta Islamiyya, ta yi 'yan ƙawaye, amma ko sau ɗaya ban ji dariyarta ta wuce haƙora ba.

Wata rana ina yi mata tsifa, ina ba ta labarin makarantar kwana da na yi a Bakura: yadda muke cika ɗaki, a kashe fitila mu ci gaba da surutu, wata ta kwaikwayi muryar malamin lissafi mu yi ta dariya har a zo a buga mana ƙofa. Tana ta saurare. Can ta ce, "Anti, su wa suka koro ku?"

Na ce, "Koro mu daga ina?"

"Da kuka taru kuka kwana wuri guda."

Na ajiye matsefin. Yarinyar nan a duniya ba ta san yara na kwana tare don daɗi ba. A nan take na yi mata alkawari: ranar Alhamis mai zuwa, tunda an yi hutun boko kuma ba Islamiyya ranar Juma'a, ƙawayenta biyar za su zo su kwana a ɗakina, a ci, a yi gaɗa, a yi tatsuniya, ba wanda ya koro kowa. Ta ƙirga mini su a yatsunta. Sau uku ta tambaye ni, "Da gaske?"

Inna ce ta fara ba ni haushi.

"Kwana? Haihuwa aka yi?"

"A'a."

"Rasuwa?"

"Inna, Allah ya kiyaye. Wasa ne kawai."

"Wasa da rana ake yinsa. Ɗiyan mutane ba kaji ba ne da za ki tara su akurki guda."

Na bi ta ɗaki, na bi ta madafi, na bi ta bakin rijiya, har ta gaji ta ce in tambayi Baba. Baba direba ne, yana ɗaukar fasinja da buhunan albasa tsakanin Mafara da Maradun. Na same shi yana cin tuwo. Ko kallona bai yi ba ya ce, "In dai ba za su hana ni barci ba." Ni kuwa wannan ya ishe ni.

Kwana uku ina shiri. Na fitar da akwatuna daga ɗakina na share har ƙarƙashin gado. Na aro gidan sauro babba wurin Goggo, ƙanwar Baba da ke bayan gidanmu, bayan ta gama yi mini wa'azin kada a yaga mata. Na tsince shinkafa da wake, na daka yaji, na jiƙa zoɓo, na soya gyaɗa. Yarinyar tana bina duk inda na sa ƙafa, tana tambaya wa zai kwanta kusa da wa. Tabarmi ne kawai ba mu da isassu, na ce ba komai, kowa ta zo da tata.

Ranar Laraba Inna ta ce in bari ita ta je ta gaya wa iyayen yaran. Na san zuwan Inna. Gida guda sai ta yi awa biyu: ina kwana, ina gajiya, ya mai gida, ya yara, ya jikin tsohuwa, ya muka ji da zafi, a koma farko a sake. Ni wannan gaisuwar tana cin raina. Na ce zan je da kaina. Ta ce, "To ki zauna in kin je. Magana a tsaye ba ta da gindi." Na ce to. Ban zauna ba.

Gidan farko yana can bakin gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. Na yi sallama, na ce ina wuni, ban jira ta gama amsawa ba. Kuma don kada a raina ni a ce shirmen yarinya ne, sai na jingina maganar da babba.

"Baba ya ce gobe a bar ɗiyarki ta zo ta kwana gidanmu. Ta taho da tabarmarta da zanen rufa."

Matar tana tankaɗe, ta tsaya cak.

"Baban naki ya dawo daga Maradun?"

"Jiya."

"Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

"Gobe?"

"Gobe da la'asar. Kada ta kai magariba." Har na juya, sai na tuna ƙanƙantar ɗakina, na ƙara da cewa, "Don Allah kada a yayata. Wurin ba zai ɗauki kowa da kowa ba."

Ta ce, "Allah ya saka masa da alheri. Allah ya tsare mu." Na ce amin, ina mamakin yawan godiyarta. Haka na yi a gida biyar, cikin rabin awa na gama, na dawo ina yi wa Inna alfahari.

Alhamis da la'asar ina gaban kasko ina suyar fanke, yarinyar ta sa rigarta ta salla tana leƙen zaure. Aka yi sallama. Ƙawarta ce ta bakin gari, da tabarma a kai. Bayanta uwarta da goyo. Bayan uwar ƙanne biyu. Bayan ƙannen wata tsohuwa da sanda, ana riƙe da ita.

Na ce a raina rakiya ce. Kafin in juya fanken, wata sallamar. Wannan har da ƙunshin kaya da tukunya. Ta ukun ta shigo da kan keken ɗinki a ka. Sai ga matan da ban taɓa zuwa gidajensu ba, wata tana jan tunkiya. Kafin a ce me, tsakar gidanmu ta cika, ba mai magana da ƙarfi, kowa ta sami gefe ta shimfiɗa tabarma ta tara 'ya'yanta a jikinta.

Inna ta fito daga wanka ta tsaya da bokiti a hannu. "Lafiya? Mi ya faru?"

Mai keken ɗinki ta ce, "Mu za mu tambaye ku, Hajiya. Ta ina aka ce za su shigo?"

Fanken da ke cikin kasko ya ƙone ina kallonsa.

Na miƙe na ce, "Wai ku tsaya. Wasa ne fa na shirya wa yara. Kwanan wasa."

Ba wadda ta yi dariya. Tsohuwar ta ce, "Mi ta ce?" Aka maimaita mata a kunne. Ta ce, "Kwanan mi?"

Ana cikin haka Baba ya dawo daga tasha. Tun daga ƙofar gida maza suka tare shi, ina jin muryoyinsu ta zaure. Wani yana cewa, "Haba Malam, ka ji labari a hanya, ka zaɓi gida biyar ka gaya musu? Mu ɗiyanmu ba ɗiya ba ne?" Baba yana rantsuwa bai ji komai ba, hanya lafiya lau, su kuma suna ganin ɓoyewa yake. Da ya shigo ya ga tsakar gidansa, ya kira ni da muryar da ban taɓa ji ba.

"Ni na aike ki?"

"Ka ce in dai ba za su hana ka barci ba."

"Na ce ni na aike ki?"

Goggo ta riga ta zagayo, ba a barin ta a baya. "Direban Maradun ya ce a kawo yara da tabarma kafin magariba, kuma kada a yayata. Ke in ke aka gaya wa, mi za ki ɗauka? Kin yi karatun boko kin rasa na zaman duniya."

Na ce, "To su ba su da baki? Mutum guda ta tambaye ni dalili mana!"

Matar bakin gari ta ce, "Wagga magana ana tambayar dalilinta? Kuma kin zauna balle a tambaye ki?"

Wannan ta same ni, ban musa ba. Amma har gobe ina cewa: wace irin rayuwa ce wannan, da za a ce yaro ya zo da tabarma, gari guda ya rasa abin da zai kawo a ransa sai gudu? Ni aka tasa a gaba saboda ni ce a kusa. Waɗanda suka mayar da mu haka ba wanda ya isa ya sa su durƙusa.

Ni kam na durƙusa. Baba ya tsaya a kaina na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wata ta ce ba komai. Wata ta ce mijinta ya bar ban-ruwa a gonakin dam ɗin Bakolori ya taho a guje. Mai tunkiya ko kallona ba ta yi ba. Inna, don a wanke kunya, ta ɗauko fanken da gyaɗar da zoɓon ta raba wa kowa. Ina gani kwana ukuna ya shige bakin mutanen da ke harara ta. Suka naɗe tabarmi, kowa ta ja ɗiyarta. Ƙawayen suna waiwaye, ɗaya tana kuka, uwarta ta ce, "Wuce mu tahi, gidan ubanki ya yi miki kaɗan?"

Sai a lokacin na lura ban ga yarinyar ba.

A ɗakina na same ta, bayan ƙofa. Ta cire rigar sallar ta sa tsohuwa, ta ƙulle sauran kayanta cikin ɗankwali, ta rungume. Ba ta kuka. Ta ce, "Anti, ina za mu?"

Na ce ba inda za mu. Na ce kuskure ne, ni na yi shi. Ta gyaɗa kai irin na yaron da ya saba manya su ce masa ba komai. A ranar ba abin da ya ƙona mini rai kamar wannan gyaɗa kan, har da durƙuson.

Da na fito, matar bakin gari ce kaɗai ta rage, ta tura tsohuwar da sauran yaran gaba. Ta turo mini ɗiyarta da tabarmar. "Ko da gaske ko da wasa, wagga dai ta kwana nan. Hankalina ya riga ya tashi." Ba don ta yarda da ni ta bar ta ba, na sani. Na karɓa duk da haka.

Baƙuwa guda ke nan cikin biyar. Muka ci shinkafa da wake, ita kaɗai ta tsira don tana kan wuta lokacin rabon. Bayan isha'i na kwaɓa lalle na ce kowa ta kawo hannu. Baƙuwar mai surutu ce kamar rediyo, tana ba da labarin yadda kakarta ta tsaya neman carbinta ana jan ta. Na ƙunsa musu hannuwa cikin leda. Na ce saura ƙafa. Baƙuwar ta miƙo duka biyun, na ƙunsa mata. Tawa ta janye nata ƙarƙashin zane.

"Kawo mana."

"A'a. In an ƙunsa ƙafa ba a iya gudu."

Na buɗe baki zan yi faɗa, don faɗa ne abin da na iya, sai baƙuwar ta riga ni. Ta miƙe da ledoji a ƙafa ta ce, "Wa ya ce? Duba!" Ta yi taku biyu, santsi ya kwashe ta, ta zube kan gidan sauron Goggo, igiyar ta tsinke, ya rufto mata a ka. Tana ciki tana mutsu-mutsu kamar kifi a koma.

Yarinyar ta yi dariya. Ta gaske, mai sauti, har da tari. Baba ya yi gyaran murya daga ɗakinsa, na yi kamar ban ji ba.

Da ta lafa, ta ɗan yi tunani, ta zaro ƙafa guda daga zanen.

"Wannan kawai."

Na ce, "Ɗayar fa?"

"Ita a bar ta."

Ban matsa mata ba. Na shafa wa ta dama lalle na ƙunsa, ta hagu na nan tsirara a kan tabarma. Na yi musu tatsuniya biyu, kafin ta uku sun yi barci.

Da safe lallen ya kama ja wur. Ta fito tsakar gida ƙafa ɗaya ja, ɗaya fara, tana nuna wa Inna. Goggo ta shigo karɓar gidan sauronta, ta gan ta, ta riƙe haɓa. "Wannan kuma wane sabon yayi ne? Lallen ne ya ƙare, ko shi ma wasa ne?"

Na miƙa mata gidan sauron da igiyarsa a tsinke. Na ce, "Ki tambaye ta dalili, Goggo. Amma ki zauna tukuna."