Desmond da Lambobinsa Masu Ɗigo

Desmond Pavlich mutum ne mai taurin kai, kuma na sha faɗa masa haka ido da ido. Teburina yana kusa da nasa a ɗan kamfaninmu da ke birnin Adelaide, inda muke ƙera na'urorin da ke kunna famfunan rijiyoyi a manyan gonakin shanu na arewa. Shi ya rubuta musu butloda, wato ɗan guntun shirin da ke fara tashi idan an kunna na'ura, sannan ya tada sauran.

Ma'ajiyar butlodar ba ta fi aljihun riga ba. Desmond kuwa ya cusa mata lissafi da lambobi masu ɗigo, irin su 2.5, don kawai ya daidaita saurin agogon na'urar, lissafin nan ya cinye wuri kaf. Saboda haka babu inda za a saka shirin karɓar gyara ta rediyo. Duk sanda aka sabunta wani abu, sai wani ya ɗauki mota ya bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Wanin nan kullum Desmond ne.

"Tsoho, cire ɗigon nan mana," nakan ce masa. "Ka ƙara rabin abin da za ka raba da shi, sannan ka raba da cikakkun lambobi. Amsa za ta faɗa kan lamba mafi kusa. Aikin yini guda ne fa."

"Ke Thuy, sha shayinki. Ni za ki koya wa rabawa? Ina aikin nan kina rarrafe."

Ya san dabarar sarai, don shi ma ya koya mini ita. Gaskiyar magana, hanyar yake so: jar ƙasa, kwana a mota, hira da masu gona. Matarsa Noreen kuwa tana gida ita kaɗai. Wata Lahadi muna gasa nama a farfajiyarsu, ta ce mini, "Don Allah ki ɓoye masa makullin mota. Shanun arewa sun fi ni sanin fuskarsa."

"Haba Nori, zagaye ɗaya ya rage," in ji shi. "Daga shi sai Tasmaniya, ki ga ƙanwarki."

Kowace shekara zagaye ɗaya ne ya rage.

Sai Noreen ta fara mantuwa. Yau ta bar buta a wuta, gobe sunan maƙwabciya ya ɓace mata. Desmond ya ce ai likita ya ce da sauran lokaci, ya sake kama hanya. Yana can aka tsince ta a tashar bas da silifas, riƙe da abincin ranarsa a leda, wai tana jiran ya sauko.

Ranar da ya dawo ofis bai gaida kowa ba. Ya zauna ya share ɗigon nan, ya ƙara rabi, ya raba. Kafin mu tashi cin abinci shirin rediyo ya shige, har da rarar wuri. Da yamma na'urar gwajinmu ta karɓi gyara ta rediyo, ba wanda ya motsa daga kujerarsa. Muka yi ta murna, shi kuwa ya zuba wa allon kwamfutarsa ido.

"Ashe ko yinin ma bai kai ba," ya ce.

Ya ajiye aiki a watan. Har yau abin yana ci mini rai, don shekarun da ya zubar a hanya su ne na lafiyarta.

Na je gaishe su kwanan baya. Na tarar yana zaune kusa da ita yana ɓare mata lemo. Ta karɓa, ta dube shi da fara'a irin ta baƙo.

"Bawan Allah, kana da kirki. In ka gamu da Desmond a hanya, ka ce masa ya dawo haka nan."

Ya goge hannunsa a wando.

"Zan faɗa masa," ya ce.