Masu Hira da Leɓe

Shekara talatin da ɗaya Malam Maitama ya yi a ɗakin saƙa, cikin injunan da ba sa shiru sai ranar Sallah. Abin da ya fito da shi bai wuce tari da kunnen da ya mutu murus ba. Ni Barakatu, tun ina amarya nake suyar ƙosai a bakin kwatas ɗin ma'aikatan masaƙar, don haka ba labari aka ba ni ba.

Kwatas ɗin layi shida ne, ɗaki bibbiyu, famfo ɗaya a ƙarshen kowane layi. Bangon kuwa kamar takarda, in an yi atishawa a lamba tara daga lamba goma ake amsawa. Da safe mu mata mu yi faɗa a kan ruwa, da yamma mu ari gishiri a hannun juna. Ba wanda ya haɗa dangi da wani, amma gawa ba ta taɓa rasa masu ɗauka ba.

Mazan ɗakin saƙa kuwa yarensu daban. A cikin ƙarar injin ko ka tsage maƙogwaro ba mai jin ka, sai suka koyi magana da leɓe kawai, wannan yana motsa baki, wancan yana karantawa daga nesa. Har gida suka taho da abin. Bayan la'asar Maitama zai shimfiɗa buzu a ƙofarsa, amininsa Ummaru, shi ma kurman injin, ya shimfiɗa nasa a layin da ke kallonsu. Taku ashirin ne tsakaninsu, ba ka jin ko uffan, sai dai ka ga sun fashe da dariya. Haushi abin yake ba ni, don na tabbata wata rana ƙosaina suke yi wa.

Da injuna suka tsaya, aka sayar da gidajen, kowa ya kama gabansa. Ɗan Ummaru ya ɗauke shi zuwa Danja. Maitama, wanda matarsa ta riga ta rasu, ya koma ƙauyensu wajen Kafur, gidan ƙanensa.

Makon farko ya hango mai unguwa a gindin ɗorawa, ya gaishe shi yadda ya saba, da leɓe. Mutane suka ce ɗan kamfani ya dawo yana yi wa manya zunɗe. In kuma ya buɗe murya, tunda ba ya jin kansa, sai a ɗauka faɗa yake yi. A hankali kowa ya janye jiki, aka bar shi da tuwonsa.

Bayan shekara biyu na je sayen wake kasuwar Kafur, na ce bari in leƙa shi. Na same shi ya rame, yana ɓarar masara shi kaɗai. Tausayinsa ya kama ni.

"Barakatu!" ya ce, har kaji suka watse. "Rabona da hira tun kwatas. Don Allah ki raka ni wurin Ummaru, bakina ya cika."

Na gaji, ƙafata tana ciwo, ga buhun wake. Amma ya zan yi? Washegari muka shiga motar Danja.

Ɗan Ummaru ya tarbe mu a ƙofar gida. Ya jawo ni gefe ya ce, "Hajiya, ai tun bara ciwon yanar ido ya rufe wa Baba ido. Ko tafin hannunsa ba ya gani."

Kafin in san yadda zan gaya wa Maitama, ya riga ya shige zaure. Ya tsaya daga bakin ƙofa, bakinsa yana ta motsi, Ummaru kuwa ya kafa ido a bango. Sai da ɗan ya kama hannun uban ya ɗora a fuskar baƙon. Tsohon ya shafa, ya shafa, ya yi murmushi.

"Maitama, kai ne?" ya ce. "Zauna. Ba ni labari."

Wannan kam Maitama ya karanta a leɓensa sarai. Ya zauna gab da shi, ya fara da leɓe tun daga ranar da ya bar kwatas. Ni na koma kan dakali, don ciwon ƙafata ya tashi. Daga can nake jiyo Ummaru.

"Ba ni labari mana. Ka zo tun daga Kafur ka yi mini shiru?"

Na leƙa. Bakin Maitama bai tsaya ba.